Zan sauka Monreyal cikin Janairu, ƙaƙa zan kai Jami'ar Laval?

Ɗiyar Ader ta rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina yininku. Ni ɗiyar Tawa ce, nan na yi lisans, kuma Allah ya yi an karɓe ni Jami'ar Laval da ke garin Kebek, ƙasar Kanada, in yi masta. Da Satumba ya kamata in hwara amma biza ba ta hito ba da wuri, shi ya sa anka maida ni sesiyon ta hunturu wadda za a hwara cikin Janairu. Yanzu komi ya kammala alhamdulillahi, biye ma, wato tikitin jirgi, an saye, daga Yamai zuwa Kazablanka, daga can Monreyal, kuma takarda ta nuna zan sauka wajen ƙarhe 7 na dare.

Abin da ya hana ni kwana shi ne, sai da anka saye biye na gane Monreyal daban Kebek daban, akwai tahiyar kilomita wajen 250 tsakaninsu, ni da na ɗauka daga hilin jirgi takisi kawai zan shiga a kai ni lakwal. Tau ga dare ga sanyi ga baliz biyu manya, kuma ban taɓa shiga jirgi ba, iyakata Yamai. Sanyin da na sani shi ne na darin Tawa da muke hura wuta da sahe mu kewaye ta, amma can an ce mini ana kai mwen 20, wato 20 ƙasa da ziro, har ya wuce. Babana kullum sai ya tambaye ni wa za ya tarbe ki, ni ko ba ni da amsa, sai in ce Allah na nan.

Dan Allah waɗanda sunka san hanya ku taimaka. In ƙara sayen biye na jirgi zuwa Kebek ko in shiga kar, babbar motar hwasinja? In kwana Monreyal ko in wuce cikin daren? Kayan sanyi in saye nan gida ko sai na isa? Kuma innata ta riga ta sa an yi mini kilishi da cuku in tahi da su, ana bari a shiga da su?

Kawun Sainte-Foy ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗiyata, barka da arziki, Allah ya sa albarka cikin karatun. Ni shekarata 11 nan Kebek, kuma ni ma cikin hunturu na zo, dan haka ki saurara da kyau.

Na hwarko, ki cire ma ranki cewa ƙarhe 7 ɗin nan da ke kan takarda shi ne lokacin da za ki hita waje. Monreyal ce ƙohwar shigarki Kanada, nan ne za a ba ki permi na karatu. Takardar da hukumar Kanada ta aiko miki ba ita ce permi ba, wasiƙa ce da za ki nuna ma jami'an iyaka, su duba, sannan su buga miki permi na gaskiya su ba ki a hannu. Kuma makon hwarkon Janairu ɗalibai ne ke zubowa daga ko'ina, Maroko, Senegal, Kamaru, Faransa, kowa da irin takardarki, sai ki iske ɗakin jira cike. Wani ya yi awa guda, wani ya yi ukku. Paspor, wasiƙar nan, CAQ (takardar amincewar gwamnatin Kebek), takardar da jami'a ta karɓe ki, da shaidar kuɗɗi, duka su zauna cikin jikkar hannunki a kan takarda, kada ki ce suna cikin waya. In sun ba ki permi ki tsaya nan gabansu ki karanta sunanki da ranar haihuwarki harahi bayan harahi kamin ki ɗaga, gyaran kuskure nan take minti biyar ne, in kin hita ko ya zama aikin watanni.

Tau lissafa da kanki. Jirgi ya sauka 7, in bai yi latti ba. Permi da kaya da duwan, ki ce 10. Kar daga Monreyal zuwa Kebek awa ukku ne da wani abu in hanya na da kyau. Kenan za ki sauka gar (tashar kar) ta Sainte-Foy, unguwar da jami'a take, wajen ƙarhe 1 ko 2 na dare, garin da ba ki sani ba, cikin sanyin da jikinki bai taɓa ji ba, bayan kin kwana biyu bisa hanya. Ni ba zan bar ɗiyar cikina ta yi haka ba, ke ma ba zan ce ki yi ba. Ki kama ɗaki a otel kusa da hilin jirgi tun kina gida, da yawansu suna da ƙaramar mota da ke ɗaukar baƙinsu kyauta daga bakin ƙohwa, ki yi wanka ki yi barci, da sahe ki koma hilin jirgin ki shiga kar ta Orléans Express, tana tashi daga nan. Biye ɗinta ta intanet ake saye, kuma ki zaɓi Sainte-Foy, kada ki zaɓi Gare du Palais, wannan can cikin tsohon gari take, kin wuce jami'a. Daga gar ta Sainte-Foy zuwa lakwal minti goma ne a takisi.

Na biyu kuma shi ne wanda ya hi ci mini rai in na ga sababbin zuwa. Rigar sanyi ba ta shiga baliz. Ranar da na zo, manto na da takalmi da safar hannu duka na danna su cikin babbar baliz dan kada su dame ni cikin jirgi, na hau da ƴar shadda da jaket marar nauyi. Munka sauka, na tsaya gaban bel ɗin kaya yana ta juyawa har kowa ya watse ya bar ni, baliz ba ta zo ba, ta tsaya inda munka canza jirgi. Sai bayan kwana huɗu anka kawo ta. Har yau ina tuna lokacin da ƙohwar gilas ta buɗe, iska ya shigar mini hanci na ji gashin cikin hancin ya daskare yana manne ma juna, haƙora sunka hwara zahi kamar na tauna ƙanƙara, hannun da na riƙe jikka da shi kamin in kai ga mota ya daina jin komi. Wani dattijo ɗan Mali da ke aiki wurin ya tuɓe hular kansa ya ba ni. Dan haka manto a hannu, takalmi a ƙahwa, hula da safar hannu cikin aljihun manto, tun daga Yamai ko za ki yi zuhwa.

Ɗan Wadata a Monreyal ya amsa:

Salam. Kawu ya faɗi gaskiya kan maganar manto, ba abin ƙarawa. Amma kan maganar kwana otel ni ina da wani gani, a gafarce ni Kawu. Otel kusa da filin jirgi ba ƙaramin kuɗi ba ne, da wuya ki samu ƙasa da dola 150 dare guda, kuma ƙanwata in na ce dola ba dalar gida nake nufi ba ta sefa 5, dolar Kanada guda ta wuce sefa 400, kenan dare guda ya haura jika 60. Ga ɗaliba sabuwar zuwa wannan kuɗin abincin sati biyu ne. Ni da zan ba ki shawara ki koma wurin wanda ya sayar muku da biye ki tambaye shi ko za a iya ƙara miki Monreyal zuwa Kebek a kan biye guda, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a sama, kuma filin jirgin Kebek, Jean-Lesage, yana kusa da jami'a, minti 20 a takisi. Amfanin biye guda shi ne in jirgin farko ya yi latti ko layin permi ya riƙe ki, su ne za su nemo miki wani jirgin. In kin saya daban kuma kika rasa shi, kuɗinki sun tafi. Sai dai a bar tazara mai yawa tsakani, awa huɗu ko fiye, in babu jirgin dare da ya dace to maganar Kawu ta tabbata, ki kwana.

In kuma kina da wanda za ki sauka wurinsa cikin Monreyal, akwai bis lamba 747 da ke tashi daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari dare da rana ba ta tsayawa, tana biyawa ta metro Lionel-Groulx, akwai kuma wadda ke kaiwa har Berri-UQAM, kuma babbar gar ta kar-kar tana nan kusa da Berri. Tike wajen dola 11 ne, yana yi miki awa 24 a bis da metro. Ki saye shi a injin da ke cikin zauren sauka, dan direba ba ya karɓar kuɗin takarda. Amma gaskiya da baliz biyu manya ke kaɗai cikin dare ban so miki ita ba, jan baliz a kan ƙanƙara ba kamar jan ta a kan siminti ba ne, tayoyin cushewa suke yi sai dai ki ɗauka.

Takisi kuma ki bi layin da aka tanada a bakin ƙofa inda akwai ma'aikaci mai tsara mutane. Duk wanda ya tare ki cikin zaure yana ce miki takisi takisi, ko da fatarsa irin tamu ce ko ya yi miki sallama, ki ce a'a ki wuce.

Kilishi da cuku, ki yi haƙuri ki ba Inna haƙuri, ku cinye su tare a gida kafin ki taso. Nama daga ƙasashenmu ba ya shiga, kayan nono ma suna da nasu ƙa'idoji, kuma akwai karnuka masu sunsuna kaya wurin bel. Akwai inji da za ki cika bayani a kai, za a tambaye ki ko kina ɗauke da abinci, ki ce e ko da kuka ce da busasshiyar kuɓewa da yaji. In kin faɗa, iyaka su duba su karɓe abin da bai halatta ba. In kin ɓoye aka gani, tara tana iya kai dola 1300, kuma ranar farko ce sunanki zai shiga littafinsu. Ni nakan shigo da kuka da yaji da busasshen zogale, ina faɗa, sukan duba su bar ni.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, waya. Sanyi na shanye batir, kina da kashi 40 ki fito waje ki ga ta mutu. Ki sa ta aljihun ciki kusa da jiki, kuma adireshin inda za ki da lambar wanda zai tarbe ki ki rubuta su da biro a takarda. Filin jirgi akwai wifi kyauta, nan za ki kira gida ta WhatsApp, ki tuna muna bayan Nijar da awa 6 a hunturu, in kin fito ƙarfe 10 na dare su can 4 na asuba ne. Kan caja ma ba irin namu ba ne, nasu baki biyu ne masu faɗi, ki nemi adapta a kasuwa tun a Yamai.

Maman Biyu ta amsa:

Ƙanwata sannu, barka. Maza sun yi maganar hanya, ni bari in yi miki ta tufafi dan akwai abin da ba za su sani ba.

Doguwar abaya ko zane mai jan ƙasa kada ki sauka da su. Ana zuba gishiri a hanya dan ƙanƙara ta narke, sai ta zama wani caɓi mai ruwan toka, bakin abayar ya sha shi ya yi nauyi yana bugun ƙafarki da sanyi, in ya bushe kuma ya bar farin zane na gishiri. Baƙar abayata da na zo da ita sabuwa fil haka ta lalace cikin sati guda. Abin da nake yi yanzu, kolan mai kauri a ciki, wando a kai, riga mai kai gwiwa ko ƙasa kaɗan, sannan manto dogo. Sutura ta cika kuma ba abin da ke taɓa ƙasa. Hijabi shi kaɗai ba ya tare iska, kunne ne ke fara ciwo, ki sa hular ulu a ƙarƙashinsa ko a kansa, ki naɗa wani mayafi mai kauri a wuya wanda za ki iya ja ya rufe hanci. A nan ba lambar sanyi kawai ake dubawa ba, ana duba yadda iska ke sa a ji shi, in an ce jin sa ya kai mwen 28 zuwa ƙasa to fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ba tsoro nake ba ki ba, daga ƙofa zuwa mota ba abin da zai same ki in kin rufe jiki, tsayuwar jiran bis ce ke cutar da mutum.

Sayen kaya kuwa ki raba shi biyu. A gida ki shiga wurin ƴan gwanjo, Katako ko Wadata, ki nemi manto mafi kauri da za ki samu mai hula, da suwaita biyu, da safa masu kauri, wannan zai kai ki kwanakin farko. Riguna uku marasa nauyi a kan juna sun fi guda ɗaya mai nauyi, dan cikin jirgi da kar da ɗakuna akwai zafi sosai, kina shiga za ki so ki rage. Amma bot na gaskiya ki bari sai kin zo. Waɗanda ake samu a gida yawanci na sanyin Faransa ne, ƙasansu sumul, ki taka ƙanƙarar da ta daskare ki ji ki a ƙasa. Ki zo da takalmin basket mai rufi da safa biyu, washegari mu je a saya. Jikin jami'a a kan bulbar Laurier akwai manyan kantuna uku a jere, Place Sainte-Foy da Place de la Cité da Laurier, da ƙafa ake zuwa, kuma Janairu lokacin ragin kuɗi ne bayan bukukuwansu. Akwai gwanjo nan ma masu kyau. Ki ɗauki lamba ɗaya sama da ƙafarki saboda safa.

Man kaɗe ki zo da shi da yawa, zai yi miki rana, iskan ɗakunan nan busasshe ne ya fi na hunturun gida, leɓe da dunduniya tsagewa suke.

Abin da zai kwantar miki da hankali, Laval tana da hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa gine-ginen, har da gidajen kwanan ɗalibai. In a rezidans kika samu ɗaki kina iya fita daga ɗakinki ki je aji ki dawo ba ki taka ƙanƙara ba. Ofishin rezidans yana ginin Alphonse-Marie-Parent, wannan sunan za ki faɗa wa mai takisi, kada ki ce masa jami'a kawai dan wurin gari guda ne, zai iya ajiye ki nesa. Ki rubuta musu tun yanzu ki faɗi ranar zuwanki da lokaci, ki tambaye su yadda ake karɓar makulli in ofis ya rufe, da ko akwai bargo da zanen gado a ɗakin ko sai kin kawo. Katin bis na ɗalibai yana cikin kuɗin makaranta ga mai cikakken karatu, amma sai kin yi rajista kin nema, ranar farko ba ki da shi.

Sai salla. Farkon Janairu rana na faɗuwa ƙarfe 4 da ƴan mintuna, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa kusa, in kin shiga kar da rana kafin ki sauka duhu ya yi. Ke matafiya ce, kina da sauƙin haɗawa da ƙasaru, ki tambayi malaminku kafin ki taso dan ranki ya natsu. Wannan duhun da wuri shi ya fi damuna a shekarar farko, fiye da sanyin ma, ƙarfe 5 sai in ji kamar tsakar dare in zauna ina kewar gida. Akwai masallaci nan Sainte-Foy, akwai ƙungiyar ɗalibai musulmi a jami'a, kada ki kulle kanki a ɗaki.

Ki shigo mini ta saƙon sirri. In kin zo da kar ta safe ni zan tsaya miki a gar, ki faɗa wa Baba an samu mai tarba.

Ɗiyar Ader ta sake rubutawa:

Wayyo Allah, na gode ƙwarai da gaske, Kawu, Yaya, Anti, Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Anti na karanta ma Baba saƙonki har sau biyu, ya ce in gaishe ki da maigida. Yaya na kira mai biye, ya ce jirgin Kebek na daren nan tazararsa awa biyu ce kawai, wanda ke bi mai kuma sai da sahe, dan haka ko ta wace hanya kwana ya kama ni. Tau tambaya ta ƙarshe, in ƙanƙara ta zubo da yawa ranar, kar na tahiya kuwa? Kuma ana iya kwana cikin hilin jirgin bisa kujera in kuɗɗin otel sun yi yawa?

Malama daga Yamai ta amsa:

Ɗiyata ni ban taɓa zuwa Kanada ba, ɗana ne ke can, amma bari in tuna miki da wannan gefen. Tawa zuwa Yamai kilomita 500 da wani abu ne, yini guda a kar, kada ki taso ranar da jirginki zai tashi ko jajibirinta. Ki zo da kwana biyu ko ukku, ki huta, ki yi sayayyar Katako a natse, ki auna baliz ɗinki a san nauyinsu kamin a je hilin jirgin Diori Hamani. Janairu lokacin hazo ne kuma, wani lokaci yakan taɓa tashin jirage. Kuɗin da za ki riƙe a hannu ki canza su zuwa yuro tun nan, sefa ba ta da amfani can. Ɗana ya ce kwabo bai iya canzawa ba cikin sefar da ya tahi da ita, har yau tana cikin jikkarsa.

Kawun Sainte-Foy ya sake amsawa:

Ɗiyata, mutanen nan da ƙanƙara sunka tashi. Doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris ƙananan motoci su sa tayoyin hunturu, kuma motocin share hanya suna aiki tun tana zuba. Yawancin ranaku kar na tahiya, sai dai awa ukku ta zama huɗu ko biyar. In guguwa ce babba ko ruwan da ke daskarewa bisa kwalta, sukan soke tahiya, jirgin sama ma haka, sai ki jira ta gaba, shi ya sa nake son ki iso da kwana ukku ko huɗu kamin a shiga aji. Akwai jirgin ƙasa na VIA Rail ma daga tashar Dorval kusa da hilin jirgi, shi ma yana tsayawa Sainte-Foy, ki riƙe shi a ranki in kar ta cika.

Kwana bisa kujera ana yi, hilin jirgin a buɗe yake duk dare, akwai ɗumi akwai masu tsaro, ɗalibai da yawa sun yi. Amma ba barci ba ne, ga kaya kina tsaro, ko bayi za ki sai kin tura su gabanki. Ɗan Wadata, kai da ke Monreyal, ba wata ƴar uwa cikin ƴan Nijar da za ta ba ta katihwa dare guda?

Ɗan Wadata a Monreyal ya amsa:

Akwai Kawu, na riga na yi magana da matar yayana, suna zaune ba nisa da filin jirgin, ta ce ba komi ta zo. Ni da ita za mu je mu ɗauko ta da mota, zan riƙo wani manto na matar ko da nata bai isa ba, da safe mu sa ta a kar ta Sainte-Foy. Ƙanwata ki turo mini lambar jirgin da ranar ta saƙon sirri, kuma in kin sauka kada ki fito waje neman mu, ki tsaya ciki daga gefen ƙofar fita har mu gan ki.

Ɗiyar Ader ta rubuta:

Na turo Yaya. Anti ke ma na turo miki. Inna ta ce tunda kilishi ba ya shiga za ta ƙara yaji da kuka ta raba ukku, kowa da ƙullinsa. Jibi in Allah ya so zan shiga kasuwa neman hula da safar hannu, manto sai na iso Yamai.